Tsohon ma'aikacina na sayar da manhajarmu, ina mafita?

Assalamu alaikum. Lauyoyin cikinmu, don Allah ku taimaka.

Ina da ƙaramin kamfani a Kano, muna sayar wa shagunan magani manhajar lissafin kaya. Yaron da ya rubuta mafi yawanta ya yi shekara uku yana karɓar albashi a wurina. Bayan ya ajiye aiki, sai ga manhajar a hannun kwastomomina da sabon suna, a rabin kuɗinmu. Hatta kuskuren rubutun da ke ƙasan rasit ɗinmu yana nan a tasa, bai ko gyara ba. Bayanan GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja a ciki, sun nuna ya kwafi komai kwana biyu kafin tafiyarsa.

Na kira shi, ya ce guminsa ne. Na sa yayansa ya shiga tsakani, abin ya faskara. Lauya ya aika masa takardar gargaɗi, ko amsa bai ba mu ba.

Inda na maƙale shi ne takardar ɗaukarsa aiki: albashi da lokutan aiki kawai ke ciki, babu maganar mallakar abin da ya rubuta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuwa ta ce haƙƙin na marubuci ne tun farko, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Kwastomomi shida na rasa zuwa yanzu.

Tambayata: ba tare da wannan sharaɗi a rubuce ba, ina da hujjar da Babbar Kotun Tarayya za ta karɓa ta dakatar da shi daga sayarwa?