Ba digirin girmamawa ba ne: me za mu kira "onas" da Hausa?

Ɗan Yakasai: Salamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, kuma sai da na sha kunya sannan na fito nemanta. Ƙanena yana karatun kimiyyar sinadarai a Afirka ta Kudu. Ya yi shekara uku, an ba shi digiri, har Hajiya ta sa an share masa ɗaki an shafa sabon fenti. Sai ga shi a waya wai zai ƙara shekara guda, zai yi onas, wato honours da Turanci. Daren Juma'a muna tsakar gida Hajiya ta ce, "Shi wannan onas ɗin mene ne? Faɗuwa ya yi zai maimaita aji?" Na ce a'a Hajiya, digirin girmamawa ne. Kawu yana gefe yana shan fura, ya ajiye ludayi ya ce, "Yaron da ko akuya bai ajiye ba? Asibiti ya gina musu ko masallaci?" Har yau yaran gidan "Dakta" suke ce masa a waya. Don Allah masana, yaya ake faɗin abin nan da Hausa?

Malamin Gwale: Wa'alaikumus salam. Kawunka ya fi ka gaskiya. Digirin girmamawa kalma ce mai mai ita: shi ne wanda jami'a ke bai wa sarki ko attajiri ko wani dattijon ƙasa ranar bikin yaye ɗalibai, a sa masa alkyabba da hula, ba tare da ya zauna aji ba. Ka ce digirin karramawa ma, can ɗin dai zai koma. Tushen kalmomin biyu a Turanci, honours da honorary (na girmamawa), ɗaya ne, shi ya ja ka cikin rami. Amma kafin a raɗa suna a san jaririn tukuna, don kalmar nan ba abu ɗaya take nufi a ko'ina ba. A nan gida, wanda ya yi shekara huɗu a tsangayar kimiyya, ko a Jami'ar Bayero ko a jami'ar Wudil, ya kan ga harufan Hons, wato onas a taƙaice, maƙale bayan B.Sc. a takardarsa. Ba wata shekara ce ta daban ba, digirin ne da darajarsa: maki 4.50 zuwa sama cikin 5 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, haka har ƙasa. A Ingila ma digirin ne da darajarsa, sai dai su yawanci shekara uku suke yi. Afirka ta Kudu da Ostireliya suna cikin masu ware shekara guda bayan ukun, a shige ta da sabuwar takardar neman gurbi, kuma sai mai maki ake ɗauka.

'Yar Sagagi: Yaya Ɗan Yakasai, ka kwantar wa Hajiya da hankali, wanda ya faɗi ba ya ko jin ƙamshin shekarar nan. Ni a Ostireliya na yi tawa, a ilimin ƙananan halittu. Watan Fabrairu ake farawa, kafin ƙarshen shekara ka miƙa kundi. Lacca kaɗan ce. Za a haɗa ka da malami ɗaya mai duba aikinka, a ba ka tambaya guda da ba a riga an san amsarta ba, da kujera a ɗakin gwaje-gwaje, shi ke nan. A shekaru ukun baya duk gwajin da muka yi, malami ya san abin da zai fito tun kafin mu kunna wuta. A wannan kuwa shi ma jira yake ya gani.

Ba na manta wata safiyar Litinin. Na buɗe na'urar ɗumama, na ciro faya-fayen da na yi sati shida ina renon ƙwayoyin cuta a kansu, sai na tarar fumfuna ta yi musu kore shar, kamar tuwon da aka manta a langa. Na tsaya riƙe da faifai ɗaya ina kallonsa, safar hannu tana manne da gumi. Malamar da ke duba aikina ta leƙo, ta ce in rubuta kwanan wata da abin da na gani a littafin aiki, in wanke, in sake. Ko sannu ba ta ce ba. Wannan shi ne onas. Duk sunan da za a ba shi, in babu "bincike" a ciki to ba shi ba ne. Kuma can, wanda ya fita da daraja ta ɗaya yana iya wucewa digiri na uku kai tsaye, bai bi ta na biyu ba.

Na Ƙofar Mata: To ai an gama. Muna da digiri na ɗaya, na biyu, na uku. Wannan digiri na ɗaya da rabi ne.

Ɗan Yakasai: Kai dai ba ka da dama. Amma wallahi Hajiya za ta fi gane wannan.

Alaramman Dala: Ni da za a bi tawa, da gida aka waiwaya. A tsangaya, bayan almajiri ya yi sauka ya yi hadda, akwai satu: ya rubuto da ka a allo, ya kawo wa malam ya duba masa. Karatun da aka ba shi ya ƙare, yanzu abin da ke kansa yake fitarwa. Me zai hana a ce shekarar satu?

Malamin Gwale: Allah ya gafarta malam, kamar ta yi, kuma na ji daɗinta a baki. Sai dai mai satu abin da aka riga aka sani yake rubutowa, ɗigo ɗaya ya sauya a ce ya yi kure. Yarinyar nan kuwa an tura ta ne ta nemo abin da malamarta ma ba ta sani ba. Kuma ina jin a bar wa tsangaya kalmarta, kada a ja ta cikin kwalabe.

Alaramman Dala: Na karɓa.

Baba Tafinta: 'Ya'yana, na daɗe ina fassara labarai, kuma abin da na koya shi ne kalmar da sai an yi mata sharhi ba ta kwana a bakin mutane. A ce onas kawai ba laifi ba ne, ai haka muka ari digiri da lacca da satifiket, ba wanda ya kai mu ƙara. Illarta ɗaya: mai ji ba ya tsintar komai a cikinta, ga shi an gani a tsakar gidan Hajiya. "Digirin bincike" kuma ya yi faɗi, don na biyu da na uku duk na bincike ne. "Digirin yabo" ya koma wajen maroƙa. Ni sai in raba abin biyu, tunda dama biyu ne. In darajar sakamako ake nufi, irin tamu ta nan, muna da ita tuntuni: digiri mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu. Kada a taɓa ta. In ƙarin shekarar nan ake nufi, a ce shekarar bincike. Takardar da ake samu a ƙarshenta kuma, digirin farko na bincike.

'Yar Sagagi: Baba, amma namu na gida za su ce su ma ai sun yi firojet a aji huɗu, har sun kare shi gaban malamai.

Baba Tafinta: Sun yi, 'yata, ba mai hana su. Amma firojet kwas ɗaya ne cikin kwasa-kwasai, ɗalibi na yinsa yana karatun jarrabawar wasu. Ke shekarar ce sukutum aka gina a kan binciken. Shi ya sa na ce shekarar bincike, ban ce shekarar firojet ba. Kuma ki sake sauraren ɗaya sunan: digirin farko na bincike. Ki ji shi a matsayin digirin farko irin na bincike, daidai ne. Ki ji shi a matsayin na farko cikin digirorin bincike, shi ma daidai ne. Ta kowace ƙofa aka shiga, ɗakin ɗaya ne.

Malamin Gwale: Ya ɗan yi tsawo, amma na sa hannu. A rubutu za a yi amfani da cikakken, a baki kuma shekarar bincike ta isa.

Ɗan Yakasai: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ɗazu bayan la'asar na gwada. Na ce, "Hajiya, ya gama digirinsa, yanzu shekarar bincike zai yi." Ta ce, "To, bincike. Allah ya sa ya samo abin da yake nema." Sai ta sa aka rufe ɗakin, ta ce a mayar da buhunan shinkafa ciki kafin ya dawo. Kawu dai ya ce shi ɗaya da rabi ya riƙe.