Wanda aka taɓa ɗauka hoto a caji ofis, ya zo mu ji

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Ƙanena aka haɗa da shi a kamen da aka yi a unguwarmu bayan faɗan 'yan daba, yana dawowa daga shagon ɗinki. Kwana 2 ya yi aka sake shi, ko kotu ba a kai shi ba. Amma kafin nan an zaunar da su a ƙasa ba riga, an jera wuƙaƙe da adduna a gabansu, an yi musu hoto. Yau wata 8, hoton na nan yana yawo a Facebook. Gidan da yake neman aure sun ce a dakata tukuna. Wa irin wannan ta taɓa samu?

Ɗan Sahu: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Ni waya na saya a hannu, ashe ta sata ce. A cikin ofis aka ba ni allo na riƙe a ƙirji, an rubuta sunana da alli, aka ɗauka ta gaba da ta gefe, na dangwala yatsu. Hannuna rawa yake har allon na bugun haɓata. Nawa dai bai fita waje ba, alhamdulillahi.

Abu Hafsat: Irin naka doka ta san da shi, ɗan'uwa. Sashe na 15 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ce a rubuta bayanan wanda aka kama, har da hoto da zanen yatsu. Holin mutane gaban 'yan jarida shi ne abin da ke ci mini rai, domin sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Legas ta hana holin tun 2021. Ina aiki a ofishin lauya, mun taɓa bin shafuka ɗaya bayan ɗaya da takardar sallamar wani yaro daga kotu. Wasu sun goge, wasu ko amsa babu.

Baba Mai Goro: Ɗana kotu ta wanke shi tas. Ranar kamu kowa ya tura hoton, ranar sallama ni kaɗai na tsaya a bakin kotu da takalmansa a leda. Har yau a kasuwa akwai masu nuna shi da baki.

Maman Khalifa: Allah ya saka muku, Baba. Malam Abu Hafsat, mu da ba mu da takardar kotu fa, da me za mu je musu? Jiya ma Innarmu ta ga hoton a wayar maƙwabciya, ta kasa cin tuwon dare.