Ƙofar majami'a: wa za a ce wa "shigo"?

Dattijo Bitrus: Na faɗa a majalisar ikilisiya, zan maimaita a nan. Duk ikilisiyar da ta buɗe wa ɗan luwaɗi ƙofa ta bi Turawa ta bar Littafi. Abin da ya tsaga Angilika ke nan tun 2003, da Amurkawa suka naɗa Gene Robinson, ɗan luwaɗi, bishop.

Rifkatu: Baba, a gafarce ni, naɗin bishop daban, zama a benci daban. Ƙudurin Lambeth, taron bishop-bishop na Angilika na 1998, wanda bishop-bishop na Afirka suka tsaya a kai, ya ce aikin ya saɓa wa Nassi. Shi ne kuma ya ce a saurare su, Allah na ƙaunarsu. Rabin farkon kawai muka haddace.

Istifanus: Doka fa? Jonathan ya sa hannu a 2014. Auren jinsi shekara 14, wanda ya taimaka aka ɗaura 10.

Rifkatu: Wa ya kawo zancen aure? Jin wa'azi nake magana.

Mama Saratu: Ku bar Lambeth, ku dawo Jos. Yaron nan mai kaɗa mana ganga a kwaya, daga raɗe-raɗin wai ɗan luwaɗi ne aka karɓe sandunan a hannunsa ranar Lahadi, gaban yara. Uwarsa na sayar da tumatir a Taminus. Yanzu ko zumuntar mata ba ta zuwa, in ta hango ni sai ta ja gyale ta sunkuya kan tire.

Dattijo Bitrus: Mama, tausayi ba ya goge Romawa sura 1.

Mama Saratu: Ban ce a goge ba. Amma mazinaci bencin baya muke sa shi, wata shida ya dawo, har baiko yake karɓa. Shi wannan ko horon ba a yi masa ba, kora ce. Wa ya zauna da shi?

Istifanus: Da haka ake farawa. Ku dubi Methodist a Taraba, bayan babban taron ɗarikarsu a Amurka na 2024 ya sassauta kan wannan batu, gida ya rabu biyu. In yaron ya dawo, zai ci Jibin Ubangiji?

Fasto: Koyarwarmu kan aure tana nan, ba ta motsa ba. Zancen Jibi sai majalisa ta zauna, ba a WhatsApp ba. Mama Saratu, kin san gidansu? Ki raka ni ranar Alhamis bayan addu'ar yamma.

Dattijo Bitrus: Ku je. Amma ganga tukuna.