Rage pregabalin ya cije a kan 75 mg bayan barin diazepam: mene ne mafita?

Assalamu alaikum likitoci da masana magunguna. Ina neman shawararku kan majinyaci mai ciwon jijiya da ya daina diazepam (maganin kwantar da hankali) wata uku da suka wuce, bayan ragewa sannu a hankali. Da farko yana kan pregabalin (maganin ciwon jijiyar) 300 mg a rana, 150 safe 150 dare.

Wajen rage pregabalin an bi ƙa'idar da aka saba, wato kada ragin ya wuce 50 zuwa 100 mg a mako. Har zuwa 100 mg lafiya lau. Da aka sauko 75 mg sai rashin barci, gumi, rawar hannu da fargaba suka taso a kwana na biyu. An koma 100, suka lafa. Sau biyu ke nan.

Inda na rikice: alamun janyewar magungunan biyu, wato abin da ke tasowa idan an rage ko an daina shan su, kusan iri ɗaya ne, ko da yake pregabalin ba a kan GABA-A (inda diazepam ke aiki a ƙwaƙwalwa) yake aiki ba, shigar kalsiyam cikin jijiyoyi yake ragewa. Ta yaya za a bambance ragowar janyewar diazepam da ta pregabalin?

Na biyu, rabin pregabalin kan fita daga jini cikin kimanin awa shida, ta ƙoda. Shin raba shi sau uku a rana zai cike giɓin da ke tsakanin lokutan sha? Mafi ƙanƙantar kafso 25 mg ne, kuma daga 100 zuwa 75 kashi 25 cikin ɗari ne, ragi mai nauyi a ganina. Akwai na ruwa, 20 mg a kowane ml, amma samunsa da wuya. A narkar da kafson a ruwa a auna da sirinji, a rage kashi 10 duk bayan mako biyu zuwa huɗu? Ko a tsaya a 100 tukuna? Yankewa lokaci ɗaya ba ya cikin lissafi saboda haɗarin farfaɗiya.