Máirtín Ó Cadhain: ta wane littafi zan fara?

Zainab: Salamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu na adabi ya ambaci wani marubucin ƙasar Ayalan, Máirtín Ó Cadhain, da ya yi rubutu da harshensu na gado, wato Gaeilge (Irish), ba Turanci ba. Ta ina zan kama?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Nemi Cré na Cille, na 1949. Duk labarin a maƙabarta yake, matattu ne ke ta surutu a ƙarƙashin ƙasa. Ana binne tauraruwar labarin, Caitríona Pháidín, abin da ya fara damunta shi ne ko a filin kaburbura masu kuɗin fam guda aka sa ta, ko a na sule goma sha biyar. Ga gabarta da 'yar'uwarta Nell, wadda ke raye, ta biyo ta har kabari. Duk sabuwar gawar da ta iso, sai a tsare ta da tambayar labarin gari.

Maman Ilham: Malam, kada ka jefa yarinya a ruwa mai zurfi. Littafin nan babu mai ba da labari, muryoyi ne zalla, ke za ki gane mai magana daga irin ƙorafinsa. Sau biyu ina ajiye shi. Zainab, fara da gajerun labaransa da aka fassara, The Road to Brightcity. Nan za ki ga wahalar matan karkarar Conamara, wani yanki a yammacin Ayalan, inda aka haife shi a 1906.

Malam Bala: Hajiya, ai daɗin kenan! To amma na yarda, sai da haƙuri.

Usman: Fassarar Cré na Cille zuwa Turanci biyu ce fa. Ta Alan Titley, The Dirty Dust (2015), akwai dariya, sai dai ashar ya yi yawa. Graveyard Clay (2016) ta fi bin asali, kuma tana da ƙarin bayani. Ɗaliba ta biyun ta dace da ita.

Maman Ilham: Shi kansa Ó Cadhain ba kanwar lasa ba ne. Malamin makaranta ne, aka sallame shi a 1936 saboda alaƙarsa da IRA, ƙungiyar 'yan gwagwarmaya da makami masu neman kawar da mulkin Birtaniya daga duk Ayalan, aka kuma tsare shi a sansanin Curragh lokacin yaƙin duniya na biyu, inda ya riƙa koya wa 'yan uwansa fursunoni harshen Gaeilge. Sai a 1969 ya zama farfesa a Kwalejin Trinity ta Dablin, shekara na zagayowa ya rasu.

Zainab: Na gode ƙwarai. Anti, ki yi haƙuri, maganar filin fam gudan nan ta riga ta ja ni. Yaya Usman, ta 2016 ɗin kana da ita in ara?

Usman: Tana nan. Ki dawo min da ita dai.