Kafin a ba dodo haƙora

Marubutan labarai da suka tattauna a Zangon Kumasi sun haɗu a kan abu ɗaya: kafin ka ba dodonka haƙora, ba shi asali. Iska ce ta samu jiki, ko mutum ne da aka tsine wa? Wani dattijo ya ce a dubi Sasabonsam na Asante, mai haƙoran ƙarfe, da ke zaune kan rimi yana sako ƙafafu ya cafke mafarauci. Kurmi ne ya haife shi. Macijin Kusugu na Daura kuwa rijiya ya tare, sai Juma'a ake ɗiban ruwa.

Kan aljanu aka yi gardama. Malamai suka ce kada a ƙirƙira musu sabon asali, tunda daga wuta aka halicce su, kuma a ganina da gaskiyarsu.