Na sa babbar altaneta amma caji bai tashi ba, a taimaka mini da shawara

Mai Tsohuwar Turbo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A yi haƙuri da tsawon bayani, raina ne a jagule. Motar nan ta marigayi mahaifina ce, ƙirar 1984, mai turbo. Ina firamare ya saye ta, a cikinta na koyi tuƙi. Bayan rasuwarsa yayyena suka ce a sayar, na ce a cire a rabona a bar mini ita, har yau akwai wanda ba ma ga maciji da shi saboda maganar. Shekara 4 ta yi a ajiye kafin na tashe ta. Na sa an sauke inji, na canza turbo, na sa babban famfon mai, na cire fankar inji na sa ta lantarki a lagireto, na kuma ɗan ƙara kayan sauti a but. Tun daga nan batir ya ƙi zama, wannan ne na uku cikin shekara 2. Da safe in na murɗa makulli sai ta yi nishi, wata rana sai an tura. Uwargida ta rantse ba za ta sake shiga ba tun ranar da ta mutu mana da daddare da yara a ciki. Altanetar asali, wato na'urar da ke cajin batir, mai amfiya 55 ce, na ce ita ce ta yi kaɗan, na samo ta hannu mai amfiya 100 aka ɗaura. Da safe mita na nuna bolt 13.8, amma da inji ya ɗau zafi, na kunna fitila, fanka ta tashi, sai ta sauko 13.1, a silo har 12.8. An ce mini ana sa dayod, ɗan abin nan da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, a yaudari regileta mai daidaita wutar altaneta ta ƙara caji. So nake ya kai 14.6. Zai ƙona mini wani abu?

Oga Riwaya:
Wa alaikumus salam. Wannan ai ƙaramin aiki ne, shekara 26 ina yin sa. Regileta tana auna wuta, in ta ga ta isa sai ta rage. Dayod na silikon yana cinye 0.6 zuwa 0.7, to in ka sa shi a hanyar da take aunawa, sai ta zaci caji ya yi ƙasa, ta ƙara. 13.8 ɗinka ta koma 14.5. Magana ta ƙare. Kada ka bari masu karatun takarda su tsorata ka.

Ɗan Mita:
Malam, wace mota ce? Kuma a ina ka ɗora mitar, a kan batir ko a bayan altaneta? Kafin a taɓa regileta, ka kunna fitila da fanka, ka taka totur inji ya kai juyi 2,000 a minti, ka sa jar wayar mita a notin B+ na altaneta, inda babbar wayar caji ke fita, baƙar a kan batir na fulos. In ka ga sama da 0.3 ko 0.4, cajin yana zubewa ne a waya. Ka sake aunawa tsakanin jikin altaneta da kan batir na mainos, nan bai kamata ya wuce 0.2 ba. Akwai motocin wancan zamani, irin su Volvo 240 Turbo, da altanetarsu ke zaune kan roba, shi ya sa suke da wata 'yar wayar eting, wato ta mainos, ta daban daga jikinta zuwa inji. Masu canji sukan manta ba su mayar da ita ba.

Mai Tsohuwar Turbo:
A kan batir na auna. Amma wayoyin lafiyarsu ƙalau, Baba bai taɓa barin kowa ya yanke ko ɗaya ba, duk na kamfani ne.

Ɗan Mita:
Ai nan take, Malam. Na kamfani ne, kuma sun haura shekara 40 suna shan zafin turbo. An yi su ne don amfiya 55. Waya takan yi tsatsa kore a cikin robarta, daga waje ba ka ganin komai.

Direban Dare:
Ni dai kalmar "ta hannu" ce ta tsaya mini a rai. Haka wani bakanike ya yi mini bara, ya ce ya sa mini mai 90, ashe tawa ya wanke ya fesa mata fenti ya mayar. Wata 3 ina zargin batir. Da na koma sai yaransa suka ce ya yi tafiya, alhali ga takalminsa nan a ƙofa. Na bar shi da Allah. Kai dai ka cire kan batir tana aiki, in ta mutu altanetar ce.

Ɗan Mita:
Don Allah kada a cire kan batir inji na aiki. Batir ne ke shanye wutar da ta yi tsalle. In babu shi, tana iya harbawa ta ƙona dayod ɗin cikin altaneta da duk wani abu mai ƙwaƙwalwa a motar.

Oga Riwaya:
A wannan na yarda da shi. Amma sauran duk dogon turanci ne. Yaro, saurara. Regiletar da ke cikin altaneta an yi ta ne ta rage caji in ta ji zafi, don batir mai zafi ba ya son wuta da yawa. To a mota mai turbo, altaneta na gasuwa kusa da manifol, batir kuwa yana can gefe bai yi wannan zafin ba, amma an rage masa abinci. Wannan ce cutar motarka, ko ban gan ta ba na sani. Batiran yanzu masu kalsiyam ma sun fi son 14.4 zuwa sama. Wa ya taɓa cika batir da 13.1?

Mai Tsohuwar Turbo:
Allah ya saka da alheri Oga, abin da zuciyata ta ba ni ke nan tun farko.

Ɗan Mita:
Oga, maganar zafi gaskiya ce, ban musa ba. Amma a ce altaneta na ba da 14.0, batir na ganin 13.1, kaya na jan amfiya 40. Wat 36 ke nan ke zama zafi a wata mahaɗa mai tsatsa. Dayod ba zai cire wannan ba. Kuma ranar da aka gyara wayar, ko ranar sanyi da regileta ke ɗagawa da kanta, sai ka gan ka kusa da 15. Daga 14.4 zuwa sama batir mai ruwa yake fara tafasa yana ƙafewa, ƙwan fitila na halojin kuma ƙarin kashi 5 cikin 100 na wuta yana cinye kusan rabin kwanansa. Kada garin neman gira a rasa ido.

Hajiya Mai Kilo:
Ɗan nan, ni ba na gane bolt ɗinku, amma na gane matar da aka bari a titi da yara cikin dare. Maigidana haka ya yi ta zuba kuɗi a wata tsohuwa shekara 6, ƙarshe kaji ke kwana a ciki. Ka ajiye ta Baba don tunawa, ka nemi ta hawa.

Mai Tsohuwar Turbo:
Hajiya na gode, amma ban nemi shawarar sayarwa ba. Sau ɗaya tak ta taɓa yi mana haka.

Mai Fuli:
Ba wanda ya yi maganar fuli, faifan da fambel ke juyawa a gaban altaneta. Amfiya 100 da aka rubuta a jiki, sai altanetar na juyi wajen 6,000 a minti take bayarwa. A silo ba ta kusa da haka, in kuma fulin da ta zo da shi ya fi na tsohuwar girma, to juyinta ya ƙara raguwa. Fambel ɗaya siriri ma yana iya sulɓewa in kaya sun yi nauyi, ka duba ko akwai baƙar ƙura a gabanta. Ta hannu ce kuma, an duba burushinta, gawayin nan da ke gogar abin da ke juyawa a ciki? A yawancin na Bosch noti biyu ne ke riƙe regileta da burushi a baya, in tsawon burushin ya gaza milimita 5 ya ƙare. Sannan tafiyar minti nawa kake yi a rana?

Oga Riwaya:
Ku yi ta lissafi. Motoci nawa na sa wa dayod, ba wadda ta dawo. In ma tsoro yake ji ya sa dayod irin na Schottky, shi 0.3 kawai yake ƙarawa, ko ya sayi regileta mai notin saiti ya tsayar a 14.4.

Direban Dare:
Ba wadda ta dawo, ko dai wajen wani suka koma, Oga?

Oga Riwaya:
Kai da aka sayar wa altanetarka sau biyu, ka bar manya su yi magana.

Mai Tsohuwar Turbo:
A yi haƙuri da juna don Allah. Wurin aikina minti 10 ne, amma haka Baba ma yake yi da ita kuma bai taɓa kuka da batir ba. Fuli ban kula ba, wanda ya ɗaura amintacce ne. Wayar eting kuma na ga wata shuɗiya a rataye ta ƙasa, amma ina jin tun da can haka take. Na riga na aika a sayo dayod ɗin, ran Asabar zan sa, in na samu lokaci in yi awon.

Ɗan Mita:
Shuɗiyar nan, ina ɗaya bakinta ya tafi? Kuma har yanzu ba ka faɗi wace mota ce ba.

Sabon Shiga:
Salam. Ni tawa fitilar batir ba ta kamawa ko na murɗa makulli, kuma ba ta fara caji sai na taka totur sosai. Dayod ɗin nan zai yi mini?